Babi na Tara: Harabar Gidan Haya, Inuwa Kafin Ado

Galibin masu gidajen haya sai kuɗi ya kusa ƙarewa suke tunawa da haraba. An canja kwanon rufi, an yi silin, an sa tayil, an yi fenti ciki da waje, sannan mai gida ya fito bakin ƙofa ya tarar da tsibin baraguzai da ragowar yashi da busasshen siminti a inda leburori suka yi kwaɓi. A wannan tsayuwar akan yanke ɗaya daga cikin shawara biyu, kuma duk na gaggawa ne. Ko dai a ce wa birkila ya malale filin da kankare daga katanga zuwa katanga kowa ya huta, ko kuma, in gidan a unguwar masu hali yake, a sayo ciyawar kafet a shimfiɗa domin hoton da dillali zai ɗauka ya yi kyau. Na farkon ya sayo wa ɗan haya zafi. Na biyun ya sayo wa kansa ɗawainiyar da ba ta ƙarewa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe a wannan babi shi ne, a gidan haya ba a auna arahar haraba da kuɗin da aka kashe ranar aiki. Ana auna ta ne da abin da za ta ci kowane wata bayan mai gida ya miƙa makulli ya tafi. Kai ba ka nan. Wanda yake nan yana da kuɗin makaranta da kuɗin wuta da cefane a gabansa, kuma ya san wata rana zai kwashe kayansa. Duk abin da ka shuka ko ka shimfiɗa dole ya zama mai iya rayuwa a hannun mutumin da bai zaɓe shi ba. Zan ɗauki Kano a matsayin misali, amma lissafin ɗaya ne a Katsina da Gusau da Damagaram da Maraɗi, da ɗan sauƙi a Zariya da Kaduna inda damina ta fi tsawo.

Mu fara da ciyawa, tunda ita ce ta fi ruɗar ido. Shimfiɗaɗɗen koren filin nan da ake aske shi daidai al'ada ce ta gidajen manya a Ingila da Faransa. Can da, da lauje da tumaki ake rage ta, sai a 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa, daga nan ta sauko gidajen matsakaita. Turawan mulki suka zo da ita unguwanninsu irin su Nasarawa a Kano, inda akwai yaran gida masu ban ruwa safe da yamma. Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ruwan saman da ke sauka a Landan a shekara bai kai na Kano ba. Na Landan wajen milimita 600 ne, na Kano kuwa yakan haura 800. Bambancin yana wajen rabo. Nasu yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara ƙarƙashin gajimare da sanyi, namu kuwa yana zuba ne cikin wata huɗu, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sannan sama ta rufe bakinta har wata bakwai ko takwas, hunturu ya busar da ƙasa, bazara ta zo da zafin da ke kaiwa digiri 40.

To a yi lissafi. A lokacin zafi, filin ciyawa yana buƙatar aƙalla milimita 5 na ruwa kowace rana in ana so ya zauna kore. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Ɗan fili mai faɗin mita 5 da tsawon mita 10, wato murabba'in mita 50, zai sha lita 250 a rana. Jarka goma ke nan ta lita 25, kusan kurar ɗan garuwa guda, kullum, ba don sha ba, ba don girki ba. Mai karatu ya tambayi kuɗin jarka a unguwarsu ya ninka sau 300 ya ga abin da wata ɗaya zai ci. In ma gidan yana da burtsatse, ruwan ba kyauta yake hawa tanki ba, sai da wuta ko man janareto, kuma Kano a kan dutse take zaune, shi ya sa rijiyoyi da dama suke ja da baya daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da ciyawar ta fi ƙishi. Wane ɗan haya ne zai ga tanki ya yi ƙasa, iyalinsa na jiran ruwan wanka, ya ɗauki mesa ya nufi ciyawa? Ba ni ganin laifinsa ko kaɗan in ya bar ta ta mutu. Hatta a Amurka, inda son wannan ciyawa ya yi tsanani, jihar Nebada ta kafa doka a 2021 da ta wajabta cire ciyawar ado marar amfani a gaban ma'aikatu da shaguna da gefen tituna a yankin Las Vegas, kuma hukumar ruwan yankin ta daɗe tana biyan masu gida kuɗi don su tumɓuke tasu.

In mai gida ya nace sai ya ga kore, akwai hanya mai sauƙi. Ya rage filin ya koma ɗan kaɗan, kamar murabba'in mita 8 ko 10, a gefen da inuwar gini ke faɗawa da yamma, kuma ya dasa kiri-kiri. Wannan ciyawa tamu ce, tana nan a bakin fadamu da filayen ƙwallo, tana yaɗo ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa, tana jure tattaki. Da rani takan bushe ta yi ruwan ƙasa, amma saiwarta na nan da rai, ruwan farko na sauka za ta farfaɗo. Ba sai an sayi iri ba: a haƙo ta da saiwarta, a yayyanka, a dasa tsakanin taku ɗaya da ɗaya a farkon damina, kafin kaka ta rufe wurin. Aibinta shi ne ba ta san iyaka ba, don haka a yi mata shinge da bulo a binne rabinsa a ƙasa. Ciyawar kafet mai faɗin ganye da ake sayarwa a bakin titi ta ƙasar kudu ce, tana son laima, a nan kuwa sai da jinya. Ita kuma ciyawar roba da ta fara yawa a shaguna, ban ba da shawararta a filin da rana ke duka ba. Da tsakar rana ba ta takuwa da ƙafa, ƙurar hunturu tana shigewa cikinta, kuma in ta ƙone ko ta yage sai dai a sake saye.

Kafin a yi maganar shuka ma, akwai aikin da ya riga komai, wato hanyar ruwa. Rufin gida mai murabba'in mita 100 yana tara kusan lita 80,000 a damina ɗaya, kuma duk wannan ruwa ta indararo zai sauko harabarka. In ƙasar ta karkata wajen gini, gindin bango zai riƙa shan ruwa, fenti ya kumbura, gishiri ya fito, sabon gyaran nan da ka kashe wa kuɗi ya fara lalacewa tun shekarar farko. A gyara ƙasa ta gangara daga jikin gini zuwa kwata, santimita 2 a kowace mita ya isa. Baraguzan da suka rage kada a biya tifa ta kwashe su duka, a farfasa su a cike wurin ajiye mota da su, a bi da burji a daddanne. Amma inda za a yi shuka, a tsince siminti da fasassun tayil da ƙusoshi tsaf, domin ƙasar da siminti ya cakuɗa da ita ba ta raya tsiro. Wannan aiki na shebur da baro ne da leburori biyu, shi ya fi komai araha a cikin babin nan, kuma shi aka fi tsallakewa. Tun ran gini ran zane.

Sai abin da za a taka. Kankare daga bango zuwa bango yana da sauƙin shara, wannan gaskiya ne, amma yana shan rana wuni guda ya riƙa amayar da zafin cikin ɗakuna har tsakar dare, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Ba ya barin ko ɗigon ruwa ya shiga ƙasa, sai ya tura shi lungu gaba ɗaya, kuma duk wanda ya ga yadda ruwan Agusta ke cin gindin katangun ƙasa a cikin gari ya san maƙwabci ne ke biyan wannan. Ranar da bututu ya fashe a ƙarƙashi kuwa, sai an kawo diga an fasa. Intalok ya fi shi ta wannan fuska, domin a kan yashi ake jera shi, ana iya ɗagawa a gyara bututu a mayar, ruwa kuma yana ɗan ratsawa ta tsakani. Tsadarsa ce matsala, don haka kada a shimfiɗa shi ko'ina. Layi biyu inda tayoyin mota za su bi, da 'yar hanya daga get zuwa ƙofa, sun wadatar. Sauran gefe-gefen a zuba tsakuwa. Kubik mita ɗaya na tsakuwa yana rufe murabba'in mita 20 in an yi kaurin santimita 5. A shimfiɗa tsofaffin buhunan hatsi a ƙarƙashi don rage fitowar aya-aya da ƙarangiya, ban da leda, domin leda tana tare ruwa.

Amma tsakuwa ba ta dace da tsakar gida ba, kuma a nan ne masu kwaikwayon hotunan intanet suke kuskure. Tsakar gidan Bahaushe wurin aiki ne. Nan ake wanki da shanya, nan ake hura gawayi in gas ya ƙare, nan yara ke rarrafe, nan ake shimfiɗa tabarma da daddare lokacin zafi, ranar suna kuma nan mata za su zauna. Uwargida tana son wurin da tsintsiya za ta bi sumul. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suke daɓe: a zuba tsakuwar marmara, a yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa, mata su taru da madaɓi su buga har ya yi ƙarfi yana sheƙi. Daɓe ya fi siminti sanyi a ƙafa, sai dai yana son gyara lokaci-lokaci, masu iya shi kuma sun yi ƙaranci a birni. Ga gidan haya, siminti a nan ya dace, amma a tsaya iya inda ake zama da aiki, a bar da'ira mai faɗin mita ɗaya da rabi a buɗe domin bishiya. Lokacin da dillali ya kawo masu duba gida, maigidan yakan tambayi mita da wurin mota, ita kuwa uwargida abin da za ka ji ta ce shi ne, "Alhaji, ina ake shanya? Ruwa yana kwanciya a nan da damina?" Amsar waɗannan tambayoyi biyu ta fi kowace fulawa saurin sa a biya kuɗin shekara.

Yanzu bishiya, wadda a ganina ita ce kaɗai abin da za ka sa a harabar gidan haya darajarsa ta riƙa ƙaruwa kowace shekara. Fenti yana koɗewa, famfo yana lalacewa, ita kuwa kullum inuwarta faɗi take yi. Dashe ɗaya a wajen masu reno bai kai kuɗin buhun siminti ba, wani lokaci ma ma'aikatun muhalli da na gandun daji sukan raba kyauta a farkon damina. Bangon yamma shi ne ya fi shan rana daga azahar zuwa la'asar sakaliya, shi ne kuma ke mayar da ɗakin kwana tanda, don haka in bishiya ɗaya kawai za ka iya, a wannan ɓangaren za ka sa ta.

Wacce za a shuka? Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, shi ne ya fi kowacce haƙuri. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, an shigo da shi lardin Borno a 1928, yau kuwa da wuya ka sami garin da babu shi daga Maiduguri zuwa Sakkwato. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, da shi aka yi dogayen layukan tare iska tun daga 1975, suka kare gonaki daga zaizayar ƙasa. In ya samu ban ruwa a raninsa na farko da na biyu, ya gama buƙatarka. Yana riƙe da ganye a lokacin da ake matuƙar son inuwa, gara kuma ba ta cika damunsa ba. Sai dai babba ne, saiwarsa tana tafiya nesa neman laima, don haka wurinsa ƙofar gida ne ko kusurwar fili mai faɗi, aƙalla mita 5 ko 6 daga harsashin gini da ramin sokawe. Durumi da ceɗiya da gamji sun fi shi sanyin inuwa, su ne bishiyoyin dandali da ƙofar fada, amma kada a kusantar da su gidan haya ko da wasa, domin saiwarsu tana ɗaga daɓe, tana tsaga katanga, tana shiga bututun ban-ɗaki. Haka bishiyar turare, mai shan ruwa da yawa da karyewar reshe in an yi iska. Tsamiya da kuka kuwa, ban da jinkirin girma, akwai masu haya da ba sa son kwana kusa da su saboda abin da aka taso ana faɗa a kansu, kuma mai gida ba shi da ribar jayayya da wannan.

A cikin tsakar gida, ƙananan itatuwa masu amfani sun fi. Zogale shi ne na gaba. Reshe kawai za ka yanko ka kafa, cikin 'yan watanni an fara tsinkar ganye, saiwarsa ba ta ɓarna, in ya yi tsawo a sare shi daidai ƙirji ya sake tofo. Gwanda tana ba da 'ya'ya cikin shekara guda, amma akwai mace akwai namiji, don haka a shuka uku a bar wadda ta yi. Gwaiba da lemun tsami suna son ruwa fiye da waɗannan, sun dace kusa da wurin alwala, inda ruwa ke zuba sau biyar a rana ba tare da kowa ya ɗauki bokiti ba. Dalilin da ya sa na fifita waɗannan a kan fulawar ado shi ne, mutum yana kula da abin da yake ci. Matar da ke tsinkar zogale tana yin kwaɗo ba sai an roƙe ta ta zuba masa ruwa ba.

Mangwaro mai aure yana fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, inuwarsa kuma babu kamarta. Duk da haka a yi tunani kafin a sa shi. A gidan da iyali ɗaya ke haya, alheri ne. A gidan da aka raba wa mutum huɗu ko biyar, lokacin nunarsa lokacin rigima ne, ga jifan yaran unguwa da ke sauka a kan sabon kwano da gilashin taga. Kowace irin bishiya ce kuma, a nisanta ta daga katanga. Reshen da ya haura gidan maƙwabci yana zubar masa da ganye, yaron da ya hau yana leƙa tsakar gidan mutane, ɓarawo ma ya samu tsani. Ƙananan maganganu irin waɗannan su ne ke kai maƙwabta gaban mai unguwa.

Yadda ake dashen ma yana da muhimmanci kamar zaɓen irin. A haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya kwana biyu ya huce. Takin nan ba baƙon abu ba ne a Kano, da shi manoman kewayen birni suka riƙe gonakinsu shekara da shekaru, suna ɗaukarsa a mangala bisa jakuna. A yage ledar da dashen ya zo a ciki kafin a binne, a bar ɗan kwari a gindi don ruwa ya tsaya. Dabara mai kyau ga rani ita ce a binne ƙaramin tulu na ƙasa kusa da dashen, bakinsa a waje, a cika shi da ruwa a rufe. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali kai tsaye zuwa saiwa, cikawa ɗaya ta yi kwanaki, sauro kuma bai samu wurin ƙyanƙyasa ba. A rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara. In a waje ne, kariya daga awaki wajibi ce: a jera ragowar bulo a kewaye da 'yan ramuka don iska, har tsayin ƙugu. Dashen da ke mutuwa a ƙofar gidajenmu, akuya ta fi fari kashe su.

Shinge da fulawa ba sa buƙatar dogon bayani. Lalle yana yin shinge mai kyau, yana jure fari, furensa yana da ƙanshi, mata kuma suna amfani da ganyensa. Jema, da ake saƙa faifai da ita, tana riƙe ƙasa a bakin kwata. Na'ana'a da ɗoɗɗoya a tsofaffin bokitan fenti sun isa ado a bakin baranda. A guji bini-da-zugu da tinya da fulawar nan mai siraran ganye da ake kira oliyanda a gidan da yara za su zauna, domin 'ya'yan na farko da ruwan sauran biyun guba ne. Kada kuma a cunkushe shuka a jikin bango, masu haya suna tsoron maciji da kunama, kuma suna da gaskiya.

Saura magana tsakaninka da wanda zai zauna. Rigimar haraba kusan kullum daga rashin faɗa tun farko take tasowa. A rubuta a takardar yarjejeniya cewa ba a sare bishiya sai da izinin mai gida, cewa 'ya'yan itatuwa na mazauna gidan ne, cewa sassabe da rage rassa sau ɗaya a shekara a wuyan mai gida yake, share kwata kuma a wuyan ɗan haya. In gidan na mutane da yawa ne, abin kowa ba na kowa ba ne, gara ka ƙara wa maigadi wani abu a wata ya riƙa ban ruwa a rani biyun farko. In iyali ɗaya ne, ka ware musu fangali guda a bayan kicin ka ce, "Malam, wannan na iyalinka ne, su shuka abin da suke so." Alayyafo ne ko yakuwa ko tumatir, su suka sani. Iyalin da suka shuka abu a gida sukan so su ga sun ci, kuma ɗan hayar da ya daɗe ya fi wa mai gida riba a kan gidan da ke zama wata uku a kulle ana jiran sabo.

In kuɗin da ya rage maka bayan gyara kaɗan ne, ka bi wannan tsari: hanyar ruwa tukuna, sai daɓen tsakar gida da igiyar shanya, sai bishiya ɗaya a yamma da zogale biyu, tsakuwa da intalok su biyo baya in hali ya yi. In kuma aikin ginin ya ƙare maka a hunturu ko bazara, kada ka bari mai sayar da fulawa ya sa ka dasa komai a lokacin. Ka gyara ƙasa, ka haƙa ramukan, ka zuba taki, ka jira damina ta zauna sosai, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, sannan ka yi dashenka.